Kwandastar Asibiti Uku

Litinin, da hantsi

Yau ma na ba da labarin daga farko. Wani sabon likita muka tarar a asibitin unguwarmu, yaro ne da gemunsa bai gama fitowa ba, ya ɗago kai ya ce, "To Mama, me ke damun Baba?" Na ce a raina, gyara zama ɗan nan. Na faro masa tun daga ranar da idon maigidana ya koma rawaya muka ɗauka shawara ce, da yadda aka tura mu babban asibiti aka yi hoto, aka sa masa ɗan bututu a ciki don ruwan matsarmama ya samu hanya, har zuwa ranar da aka zaunar da mu aka faɗa mana sunan abin. Ciwon daji ne a fankiriyas, wani nama da ke kwance a bayan tumbi. Na rubuta sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

Shi kuwa maigidan, da nake kira Direba, yana zaune kusa da ni yana kallon takalminsa kamar labarin wani ake yi. Duk inda muka je sai an sa ni na maimaita a gabansa, kuma duk sanda na zo wurin sunan sai na ga ya haɗiyi yawu.

Laraba, da yamma

Asibiti uku muke bi. Babban asibiti can ne likitan fiɗa yake, wanda muke ce wa Dogo. Na bayan gada can ake yi masa ƙarin ruwan magani. Na unguwa kuma su ke duba sukarinsa, don abin ya taɓa sukarin ma.

Dogo bai ɓoye mana komai ba. Ya ce abin ya jingina da wata babbar jijiyar jini, ba ya taɓuwa a yanzu. Ƙarin ruwan zai iya sa ya ja da baya. In ya ja, kuma in Direba yana da ƙarfin da zai ɗauki aikin, zai cire shi. In ƙarfin babu, ba zai sa wuƙa ba. Ya ce damar ba ta daɗewa. Ban tambaye shi abin da ke biyo baya in ta wuce ba, shi ma bai faɗa ba.

Ya ce in ciyar da shi ya yi ƙiba. Likitar ƙarin ruwa ta ce ya ci duk abin da ransa ya karɓa. Likitan sukari ya ce a rage shinkafa, a rage burodi, a manta da zaƙi. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana jan babbar mota bai taɓa tsallake danja ba, kowa ya faɗa sai ya ce to. Yanzu ya haɗa dokokin uku yana bi, abin da ya rage masa a faranti ko kyanwa ba zai ƙosar ba.

Jumma'a, da safe

Ya ci kaɗan.

Asabar, da rana

Na sake rage masa ƙugun wando. Yayarsa ta zo duba shi ta same ni a kan keken ɗinki, ta tsaya tana kallon yadda nake naɗe yadin ciki ina bi da ɗinki.

"Ke kam ki yanke mana," in ji ta. "Wannan tulin yadi a ƙugu ai sai ya dame shi."

Na ce, "Yaya, bar shi haka."

"Tela guda kina irin wannan aikin?"

Na ce ta bar shi haka. Ta kalle ni, ta gane, ta tafi kicin ta wanke kwanonin da na riga na wanke. Duk wandunansa ban sa wa ko ɗaya almakashi ba.

Talata, bayan mun dawo

Sikeli a babban asibiti. Ba zan rubuta abin da ya nuna ba.

Dogo ya daɗe yana kallon Direba, ba takarda ba, shi kansa. Ya kama hannunsa ya matsa dantsen. Ya ce, "Baba, yaya cin abinci?" Direba ya ce Alhamdu lillahi. Ya ce yaya ƙarfin jiki, ya ce da sauƙi. Na ji kamar in taka masa ƙafa.

Da za mu fito Dogo ya ce asibitocin uku sun fara wani sabon tsari. Likitocinsu na masu irin wannan ciwo za su riƙa haɗuwa duk mako ta kwamfuta, a duba kowane mara lafiya tare. An kuma ware wata babbar nas da za ta riƙa bin mutum daga wannan asibiti zuwa wancan. Ya ce za ta kira ni. Na ce to, a raina ina cewa ga mutum na huɗu da zan ba labari.

Laraba, da hantsi

Ta kira. Murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Ta ce, "Mama, na san kin gaji da ba da labarin nan. Ki ba ni sau ɗaya, a natse, in Baba ba ya kusa. Daga nan ni zan riƙa ɗaukar miki shi."

Na fita bayan gida wajen igiyar shanya na ba ta. Ba ta katse ni ba. Inda na tsallake ta bari na tsallake. Da na gama ta tambaye ni wa ke kwana da ni a asibiti, wa ke yi mini girki in na gaji. Tun da aka fara abin nan ba wanda ya tambaye ni wannan, sai na fara kwashe kayan da ba su bushe ba.

Ban yarda da alkawarinta ba tukuna. Na ga masu alkawari.

Alhamis

Ya ci kaɗan. Ya ce shinkafar ta yi yawa, likita ya hana.

Litinin, da yamma

Yau ranar ƙarin ruwa ce, kuma yau muka ga fuskarta. 'Yar ƙaramar mace, za ta kai sa'ar ƙanwata, takalmi shafe, waya biyu a aljihu, gefen rigarta da alamar ta sha zaman motar haya. Daga babban asibiti ta taso don ta same mu. Ta ja kujera ta zauna daidai da Direba, ba ta tsaya masa a ka ba.

Ta tambaye shi barci, ya ce lafiya. Ciwo, ya ce da sauƙi. Sai ta ce, "Baba, bayan gida fa?" Ya ce lafiya lau, ya juya yana karanta jikin ledar ruwan kamar zai yi jarrabawa a kai.

Ba ta matsa ba. Ta ce in raka ta ta sha ruwa. A baranda ta ce, "Mama, ke ke wanke banɗakin. Me kike gani?"

Kunya ta kama ni, amma na faɗa. Na ce fari-fari yake, da maiƙo kamar an zuba mai, yana tasowa saman ruwa, sai an kora an sake korawa, ga wari irin wanda ban taɓa sani ba. Na ce tun kafin a fara ƙarin ruwa haka yake.

Ta gyaɗa kai. "Kafson narka abincin, da kowane abinci yake sha ko yana tsallakewa?"

Na ce, "Wane kafso?"

Ta dube ni da kyau. Sannan ta yi mini bayani yadda zan gane. Naman nan shi ke fitar da ruwan da ke narka abinci. Abin ya toshe hanyar, don haka ko ɗan abin da Direba ya ci wucewa kawai yake yi, jiki bai samu komai ba. Akwai kafso da ke yin aikin ruwan. Babban asibiti sun ɗauka na bayan gada za su rubuta, na bayan gada sun ɗauka an sallame mu da shi, na unguwa sukari kaɗai aka tura musu.

Raina ya ɓaci. Duk ƙwan da na dafa, duk kifin da na tsince wa ƙaya, duk lallashin da na yi!

Ta ce in jira. Ta shiga ofis, ba a daɗe ba sai ga likitar ƙarin ruwa ta fito da kanta, ba aike ba. Mace mai cika ido da kowa ke shakka, ta tsaya a gabana ta ce, "Mama, wannan ya wuce mu duka, kuma bai kamata ba. Ki yi haƙuri. Yau zai fara." Na shirya faɗa, na rasa wanda zan yi da shi. Wallahi ta burge ni.

A mota na ba Direba labari, ban da maganar banɗaki. Ya yi 'yar dariya, ta farko a kwana biyun nan. Ya ce, "Tela, ai mota ce mai direba uku, kowa gwani, amma ba kwandasta. Ba mai leƙa baya ya ga ko fasinja ya faɗo." Shi ke nan sunan Kwandasta ya bi nas ɗin nan.

Laraba, da rana

Kafso da lomar farko, in abincin ya yi tsawo a ƙara a tsakiya. Yana sha ba musu, tun da likita ce ta rubuta.

Amma shinkafa ya ce a'a. Burodi a'a. Na ce Kwandasta ta ce ka ci. Ya ce Kwandasta mutuniyar kirki ce, amma ba ita ta sa dokar ba, wanda ya sa shi zai ɗage. Na ce likitoci biyu sun ce ka ci. Ya ce ɗaya ya ce kar ya ci. Na ajiye cokali da ƙarfi na fita. Shekarun nan duka wannan halin nake yabo a wurinsa, yau kuwa da zan samu inda ake cire shi da na kai shi an cire.

Na kira ta na zazzage mata kamar ita ta yi laifin. Ta saurara. Ta ce, "Baba yana da gaskiya, Mama. Bakinmu ne bai zo ɗaya ba. Ku zo ofishina ranar taro."

Talata, da yamma

Ofishin nata ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarƙashin matakala, tebur ɗaya, fanka mai ƙara, da wata shuka a gwangwani da ta ƙi mutuwa. Muka jira a waje har aka gama taron, sannan ta shigo da mu ta juyo mana da kwamfutar.

Ga su nan su uku, kowa a ɗan akwatinsa. Dogo da hular tiyata a ka, likitar ƙarin ruwa, da babban likitan sukari na unguwarmu yana gyara tabarau. Ni da na saba shiga mota biyu kafin in kai maganar wannan wurin wancan, yau ga su suna kallon juna. Suka ɗan ja-in-ja da Turanci, na ji sautin ba na wasa ba ne, kuma hakan ya yi mini daɗi, don a kan mijina suke yi.

Sai likitan sukari ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika akwatin. Ya ce, "Baba, kana ji na? Ni na hana ka shinkafa, ko? To na janye. Lokacin ban san aikin da ake shirya maka ba. Ka ci shinkafa, ka ci burodi, ka sha madara. Cin naka ne, sukarin nawa ne, zan bi shi da allura."

Direba ya gyara zama ya ce, "Likita, ka ɗage ke nan?"

"Na ɗage."

"To."

Dogo ya ce zai ba mu 'yan makonni bayan ƙarin ruwa na ƙarshe, a yi hoto ɗaya su duka su gani, sannan a yanke. Ya ce yana so Direba ya riƙa tafiya kullum, ya riƙa hawa bene.

Dattijo mai furfura ya ce na janye a gaban abokan aikinsa, a gaban direban mota da matarsa tela. Na yi ta tunanin wannan har muka iso gida.

Laraba

Ya ci.

Alhamis

Ya ci, ya nemi ƙari. Na shiga kicin na tsaya bayan ƙofa kafin na iya zubawa.

Lahadi, da yamma

Muna hawa benen maƙwabta, don gidanmu ba shi da shi. Yana tsayawa a tsakiya ya ce duba taya yake yi. Banɗaki ya canza, na faɗa wa Kwandasta a waya ba tare da kunya ba, ta yi murna kamar na ce mata an yi haihuwa. Yaya ta ce kumatunsa sun fara dawowa. Ni dai tsoro nake ji.

Alhamis, da rana

Zazzaɓi. Rawar sanyi. Idon ya soma rawaya.

Asabar

Ba zan rubuta shekaranjiya ba.

Litinin, da hantsi

Muna babban asibiti. Bututun ne ya toshe, an canza shi, zazzaɓin ya sauka.

Abin da nake so in tuna shi ne wannan. Da na kira lambar Kwandasta ba ita ta ɗauka ba, tana hutu. Wata nas ce daban, amma kafin in gama faɗin ko ni wace ce ta ce, "Matar Baba direba, mai bututu. Kar ki tsaya a gida, ku tafi na unguwa yanzu, ya fi kusa, zan kira su." Suka sa masa maganin farko a can, motar asibiti ta kawo mu nan, gado yana jira. Ashe Kwandasta ba ta riƙe mu a kanta ita kaɗai ba, ta bar mu inda wani zai iya ɗauka.

Ta zo yau da safe. Direba ya ce, "Kwandasta, kin sauka kin bar motar." Ta ce, "Na bar ta a hannun mutane, Baba." Ya ce haka ake yi.

Abin da muka tara a jikinsa ya zube, ko rabinsa. Na ga wuyan rigarsa.

Laraba

Gida. Ya ci. Mun hau rabin bene.

Jumma'a

Ya ci. Ya hau duka, ya zauna a sama ya ƙi saukowa sai da ya huta.

Alhamis, da yamma

An kwana biyu ban rubuta ba, babu abin rubutawa sai faranti da matakala. Yau aka yi hoton, a na bayan gada. Na tsaya ina jiran a ba ni in kai wa Dogo, mai hoton ya ce ai ya riga ni isa. Na fito hannu sake ina ta lalubar jaka kamar na manta wani abu.

Sai ranar taro.

Lahadi

Na share gidan sau biyu. Na yi wa Yaya tsawa a kan murfin tukunya.

Talata, da rana

Suna taron yanzu. Wayar tana kan keken ɗinki.

Laraba, bayan mun dawo

Abin ya ja da baya. Ba da yawa ba, amma ya saki jijiyar daidai yadda za a iya shiga. Sikelin ne Dogo bai gamsu da shi ba, ya ce yana kan iyaka, jiya ma a taro sai da suka daɗe a kai. Likitar ƙarin ruwa tana ganin kar a ƙara jira, shi kuma yana tsoron jikin.

Sai ya miƙe ya ce, "Baba, zo mu je." Ya fita da shi zuwa matakala, ni da Kwandasta muna biye. Babban likita da layin mutane a ƙofarsa, ya jera da mijina suna hawa, yana yi masa hira a kan motoci don ya ji yadda numfashinsa ke fita. Ya tambaye shi wace hanya ce ta fi wuya a duk waɗanda ya bi. Direba yana hawa yana ba da amsa, har da nuni da hannu. Suka wuce hawa na farko. A na biyu na daina kallo, na kama ƙarfen na rufe ido, ina jin muryarsa kawai tana yin sama, bai daina surutu ba.

Kwandasta ta taɓa ni. Dogo ya leƙo daga sama ya ce, "Mama, mako mai zuwa. Ki ci gaba da abin da kike yi."

Asabar, da hantsi

Na ɗauko wandonsa mai ruwan toka na gwada masa, ya ce yana matse shi. Na ce ƙarya kake. Ya ce wallahi. Na zauna na warware naɗi ɗaya. Ɗaya ne kawai, sauran suna nan. Yaya tana zaune tana kallo, ta miƙo mini reza.

Alhamis, da safe

Sun shiga da shi.

Kafin nan wata likita ta zo, mai sa barci, ban taɓa ganinta ba. Na gyara zama, na ja numfashi, na buɗe baki zan faro daga rawayar ido. Ta dafa hannuna ta ce, "Mun sani, Mama. Bututun da aka canza, zazzaɓin, allurar sukari, kafso, har benen maƙwabta. Akwai abin da ya canza daga jiya zuwa yau?" Na ce babu. Ta ce to ki huta.

Direba ya kalle ni daga kan gadon ya ce, "Tela, an karɓe miki aiki." Yau bai haɗiyi yawu ba, don ba wanda ya faɗi sunan. Na riƙe wandonsa a cinya, suka tura shi.

Alhamis, da yamma

An cire. Jijiyar lafiya. Dogo ya fito da shatin hula a goshi, ya ce hanya tana da saura, za a koma ƙarin ruwa in ya warke, kuma ba ya yi mini alkawarin abin da ba ya hannunsa. Na gode masa har ya ji kunya.

Na ce wa Kwandasta bari in kira na bayan gada in faɗa musu. Ta ce sun sani. Na ce likitan sukari fa? Ta ce shi ya fara kira yana tambaya. Yaya kuwa tana wurin aka faɗa. Kwandasta ta duba wayarta ta ce akwai wata mata da ke jiranta a na unguwa, yau aka faɗa musu sunan nasu ciwon. Ta tafi da takalminta shafe, ko ruwa ba ta tsaya ta sha ba. Allah ya saka mata.

Aka bar ni na shiga na ɗan lokaci. Yana kwance da igiyoyi ko'ina, bai farka ba. Labari cike da bakina, kowa ya riga ya ji, sai mutum ɗaya. Na ja kujera kusa da kunnensa na ce, Direba, gyara kwanciya, bari in ba ka daga farko.